Rigimar Mage da Mai Tattabaru: Raga Ta Fi Guba Araha

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wata rigima da ake rainawa, alhali tana raba maƙwabta a unguwanninmu, wato rigimar mai kiwon kaji ko tattabaru da mai mage. Kusan kullum hanya ɗaya take bi. A wayi gari 'yan shila sun ɓace, ko a ga fukafukan 'yan tsaki a bayan akurki, mai kiwo ya rantse magen gidan wane ce. Bayan kwana biyu a tsinci magen a mace a bakin kwata, shi ke nan an daina gaisawa, yara ma a hana su wasa tare. Aikina kula da lafiyar dabbobi ne, kuma abin da nake son jama'a su gane shi ne, mafi yawan wannan ɓarna ana tsayar da ita da raga da sakata, ba da guba ko tarkon ƙarfe ba.

Kafin a zargi kowa, a fara gane ɓarawon. Kowace dabba da irin ta'adinta. Mage tana kama tsuntsu a wuya, ta ɗauke shi zuwa wani lungu, ta ci, ta bar fukafukai da ƙafafu, kuma galibi ɗaya take ɗauka a dare. Ɓera da gafiya su ne ke gaigayar ƙananan 'yan tsaki, su ja su zuwa bakin rami, su fasa ƙwai. Idan aka duba gindin bango za a ga ramin da kashinsu. Tunku idan ya samu shiga yakan kashe da yawa lokaci guda, ya ciji kawunansu ya bar sauran gangar jikin. Shaho da shirwa da rana suke ɗauka a fili. Ƙwan da ya ɓace babu ko ɓawo kuwa, a nemi maciji ko mutum. Wanda yake shakka ya barbaɗa toka ko garin ƙasa mai laushi a kewayen akurki da magariba, da safe sawun zai faɗa masa gaskiya. Sawun mage zagayayye ne, yatsu huɗu, babu alamar farce, domin tana janye faratanta idan tana tafiya. Na kare yana nuna farce. Ko da an tabbatar mage ce, ba lallai ta maƙwabci ba ce, domin muzurun da ba shi da gida yakan zaga gidaje da yawa a dare ɗaya.

Sai maganar akurki, inda a nan ne mai kiwo ya kamata ya duba nasa laifin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ragar da aka fi saye, mai manyan idanu da siririyar waya, an yi ta ne don hana kaza fita, ba don hana wani abu shiga ba. Mage tana zura hannu ta cikinta ta jawo ɗan tsako, ɓera kuma yana ratsa ta. Abin da ake bukata shi ne raga mai kauri da aka yi wa walda, mai idon rabin inci, a buga ta a duk tagogi da ƙofa har da rufin, a kafe ta da ƙusa da faifan katako a kai don kada a ɓamɓare gefenta. Ƙasan ragar a binne shi kamar santimita 30 a cikin ƙasa, ko a yi daɓen siminti, saboda masu haƙa rami. A duba ratar da ke tsakanin bango da kwanon rufi, nan ce ƙofar da aka fi mantawa da ita. Duk inda kan mage ya shiga, jikinta zai bi. Ƙofa a sa mata sakata, ba dutse ko bulo ba. A rufe kaji da magariba, a buɗe bayan rana ta fito, domin mage ta fi farauta da almuru da asuba.

Tattabaru sun fi wuya, don masu su sun saba jera tukwane ko akwatuna a kan katanga, kuma katanga ita ce hanyar mage. Babbar mage tana haye bango mai tsayin mita ɗaya da rabi da tsalle guda. Gara a ɗora gidan tattabarun a kan bututun ƙarfe mai santsi, ko a naɗe turken katako da kwanon rufi mai tsawon kamar mita ɗaya don farce ya rasa abin kamawa, sannan a nisanta shi da katanga ko reshen bishiya da aƙalla mita biyu. Wanda ya gina musu ɗaki ya sa wa ƙofofin shigarsu murfi da zai riƙa saukewa da dare. Kuɗin wannan aiki bai kai na 'yan shilar da ake asara a shekara ba.

Yanzu guba. Abin da ake kira shinkafar ɓera ba iri ɗaya ba ne. Akwai baƙin gari mai warin tafarnuwa da ke kisa cikin sa'o'i, akwai kuma mai hana jini daskarewa, wanda alamarsa ba ta bayyana sai bayan kwana uku zuwa biyar: dabba ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, numfashi ya yi mata wuya, jini ya riƙa fita ta hanci ko a kashi. Wasu kuma fiya-fiya suke zubawa a kan kifi. Dabbar da ta ci wannan za a ga tana dalalar da miyau, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke. Guba ba ta san wanda aka nufa da ita ba. Kazar mai kiwon ce za ta fara tsattsagar abin, akuyar maƙwabci ta lasa, yaro mai rarrafe ya kai baki. Akwai kuma abin da ya kamata masu mage su sani kafin su kai ƙara: ɓeran da ya ci guba yakan yi sanyi ya kasa gudu, mage ta kama shi ta ci, ita ma ta mutu. Ke nan mage na iya mutuwa da guba ba tare da wani ya nufe ta ba.

Idan dabba ta ci guba, kada a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri kamar yadda aka saba. Mai yana iya ƙara saurin shigar irin su fiya-fiya cikin jiki, ɗuri kuma yana sa abin ya sarƙe ta ya tafi huhu. A naɗe ta a zane, a ɗauki kwalin ko kwalbar gubar in an samu, a garzaya asibitin dabbobi. Likita yana da allurar atropine don fiya-fiya, da bitamin K1 don mai hana jini daskarewa, wanda akan sha har mako uku zuwa huɗu. Idan baƙin garin ne ta ci ta yi amai, a fitar da ita sarari, domin iskar da ke tashi daga aman tana cutar da mutum. Kuma kada a kuskura a ba mage farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Ko da gubar ta yi abin da ake so, ba a rabu da matsalar ba. Abinci ne ke tara maguna: bola a buɗe, ƙashin kifi da ake watsarwa a lungu, tsakin kaji da ke kwana a ƙasa yana kiran ɓeraye. Matuƙar wannan yana nan, an kashe biyar, wasu biyar za su shigo daga unguwar gaba cikin makonni. Mage tana ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, tana haifar uku zuwa biyar, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Kisa ba ya cin ma wannan lissafi. Haka dabarar sa ta a buhu a kai kasuwa ko bayan gari: ko dai ta dawo, ko ta mutu da yunwa, ko a ɗora wa wasu mutane nauyin. Unguwar da ta kore magunanta kakaf kuwa ta buɗe wa ɓeraye ƙofa, a ƙasar da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, yake dawowa duk rani ta hanyar fitsari da kashin ɓera.

Hanyar da ke rage yawansu da gaske ita ce a kama, likita ya yi wa namiji fiɗiya, mace a cire mata mahaifa, a yi musu allurar haukan kare, a mayar da su inda aka kama su. Muzurun da aka fiɗiye yana rage yawo da faɗa da kukan dare da fitsarin da ke damun mutane, kuma yana ci gaba da riƙe wurinsa. Turkiyya ta sa wannan tsari a dokarta ta kare dabbobi ta 2004, shi ya sa magunan titi a Istanbul da yawa za ka ga an yi musu alama a kunne, shaidar an yi musu wannan aikin. Malamai da dama sun halatta fiɗiyar idan don kawar da cuta ce, kuma da allurar barci ake yin ta. Ana yin wannan aiki a asibitocin koyarwa na dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da asibitocin dabbobi na jihohi. Allurar tazarar haihuwa ta mata da wasu ke yi wa mage ba mafita ba ce, tana jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono.

Tarkon da ya dace keji ne, ba mai haƙora ba, ba zargen waya ba. Waɗannan suna karya ƙafa, kuma ƙafar yaro ma suna kamawa. Mai walda zai iya haɗa shi: tsawo kamar santimita 75, faɗi da tsayi kamar 30, ƙofa mai faɗowa, da faifan da idan aka taka a can ciki zai saki ƙofar. A goge duk tsinin waya. A shimfiɗa takarda a ƙasansa, don mage ba ta son taka waya. A sa kifin gwangwani ko busasshen kifi a can ƙurya bayan faifan, da ɗan kaɗan a bakin ƙofa. Idan akwai masu ba su abinci, su dakata kwana ɗaya kafin nan. A kafa da magariba a inuwa, a riƙa leƙawa duk rabin awa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kafa tarko a tafi barci; magen da ta kwana a ciki tana fasa hancinta da farcenta a jikin waya, idan kuma rana ta same ta a watannin bazara za ta iya mutuwa kafin azahar. Da ta shiga a lulluɓe kejin da zane ko buhu, nan take za ta natsu. Kada a sa hannu. Idan aka ga nonuwanta sun kumbura, gashin kewayensu ya zube, tana shayarwa ne, a sake ta, domin 'ya'yan da ba su kai wata ɗaya ba ba sa rayuwa babu uwa. Bayan aikin likita, namiji ya kwana ɗaya a keji, mace kwana biyu, sannan a sake su a daidai wurin da aka kama su. Wanda mage ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin mage ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.

Amma tarko ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a nan rigima take tashi. A fara kai maganar wurin mai unguwa, liman ya sanar a masallaci kwana uku kafin a kafa, a faɗi wuri da lokaci, domin masu mage su kulle nasu. Idan ta wani ta faɗa, a mayar masa ba tare da gori ba. Shi ma mai mage akwai abin da ke kansa: ya ciyar da ita ta ƙoshi da yamma, ya rufe ta daga magariba zuwa safiya da kwanon yashi a gefe don bayan gida, ya yi mata allurar haukan kare tana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, ya ɗaura mata abin wuya mai roba da zai iya zamewa idan ya maƙale, ba igiya ba. Ƙararrawa a wuya tana rage kamun tsuntsaye, amma ba ta cece ɗan shilar da ke kwance a sheƙa ba.

Addini bai bar kowane ɓangare haka ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ya shafi mai barin dabba a tarko kai tsaye. A ɗaya gefen, cikin Muwaɗɗa Malik akwai hukuncin taguwar Bara'u ɗan Azib: masu gona su tsare ta da rana, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuma tana kan masu su. Malaman fiƙihu sun kuma bambanta dabbar da aka san ta da ɓarna aka gargaɗi mai ita da wadda ba a taɓa kawo ƙararta ba. Saboda haka mai kiwo ya yi gargaɗin a gaban shaidu biyu. Idan magen ta sake bayan gargaɗi, mai unguwa ko 'yan Hisba su ƙiyasta asarar a farashin kasuwa, mai ita ya biya. Dokar Penal Code ta Arewa ma ta haramta azabtar da dabbar gida da kashe dabbar wani, don haka mai sa guba ya sani zai iya tsintar kansa a gaban alƙali, kuma a ranar ba wanda zai saurari maganar 'yan shilarsa.

Ina roƙon sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomi su ajiye irin wannan keji ko guda biyu ne a ofisoshinsu don masu unguwanni su riƙa ara, sannan ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a haɗa da maguna a allurar da ake yi wa karnuka.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi, Zariya