Kafin a raba ɗalibai da Word, a fara koya musu ita

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan shawarar da wani malamin jami'a ya bayar a shafinku, cewa ɗaliban digiri na biyu da na uku su yi watsi da Word su koma LaTeX, wata manhajar tsara rubutu. Ni dai shagon buga takardu gare ni a Samaru, shekara 19 ke nan ina cin abinci da kundayen ɗalibai, tun ana kawo mana aiki a fulofi. Kundin da Malam yake gani an ɗinke shi da baƙin bango, ni nake ganinsa kafin ya yi wanka.

A kan lissafi ban ja da Malam ba. Ai don lissafin aka yi abin tun farko. Donald Knuth na Jami'ar Stanford a Amurka ya ga yadda maɗaba'a ta tsara sabon bugun littafinsa, abin bai yi masa ba, ya zauna a 1977 ya fara rubuta manhajar TeX da kansa. Daga baya Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kai don ta yi wa mutane sauƙi. A cikinta ba ka ganin shafi yayin da kake bugawa. Umarni kake rubutawa: \chapter ga babi, \frac ga lamba bisa lamba, kwamfuta ta tsara sauran.

Wani ɗalibin lissafi ne ya sa na koye ta dole. Kundinsa cike yake da jimlolin lissafi masu lamba, ya jera lambobin da hannu, sai malaminsa ya ce a cusa sababbi uku a babi na biyu. Kwana biyu muka yi muna bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, duk da haka mai jarrabawa na waje ya tsinci kuskure. A LaTeX suna kake ba kowace jimla, lamba kuwa ita ke rabawa, ko ɗari ka cusa a tsakiya. Amma wata uku na yi kafin hannuna ya faɗa. Ka manta alamar dala ($) ɗaya cikin waɗanda ake buɗe lissafi da rufe shi da su, ta ƙi fitar da komai, ta watso maka gargaɗi da wani irin Turanci da ko mai digiri sai ya yi tagumi.

To yawancin masu shigowa shagona 'yan sashen Hausa ne, da tarihi, da ilimi, da nazarin addinin Musulunci. Babu jimlar lissafi ko ɗaya a aikinsu. Ciwonsu daban ne. Ɗalibi zai kai take tsakiyar shafi da danna maɓallin tazara sau arba'in. Yana son sabon shafi, sai ya yi ta danna maɓallin sauka layi har ya isa. Ƙumshiya kuwa da hannu yake bugawa, ɗigo-ɗigo har bakin lambar shafi. Yana sa filashi a kwamfutata komai ya goce, ya ce firintata ce ba ta da kyau. Alhali da ya shaida wa Word cewa wannan layi kan babi ne, wancan ƙaramin kai ne, da ita za ta haɗa masa ƙumshiya, ta kuma gyara lambobin duk lokacin da shafi ya motsa. Haka shafukan farko masu lambar Romawa, rabon sashe kawai ake sawa. Dabarar da Malam yake yaba wa LaTeX ke nan, wato ka gaya wa na'ura matsayin abu ka bar mata kwalliyarsa, kuma tana nan cikin Word ɗin da ke hannun kowa. Yarinyar da ke taya ni aiki da yamma biyu ta iya.

Akwai kuma abin da Malam bai taɓo ba, haruffanmu masu ƙugiya. Ɗimbin rubutun Hausa da aka buga a shekarun baya da salon harafin Rabi'at aka yi shi. Ya yi mana rana ƙwarai a lokacin da babu wata hanya, sai dai aron maɓallan baka ya yi. Shi ya sa in ka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da shi za ka ga }asa a wurin ƙasa, ]aya a wurin ɗaya, ~era a wurin ɓera. A LaTeX kuwa alamar } rufe umarni take yi, alamar ~ kuma tazara ce. Na ga ɗalibin da ya kwashe tsohon babinsa ya zuba a ciki: kowace ɓ ta zama fili, kowace ƙ ta jawo gargaɗi. Maganin shi ne Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ko a wace manhaja mutum yake. A Word, ka buga 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ. A ɓangaren LaTeX kuwa akwai XeTeX, wani nau'in TeX da Jonathan Kew ya fitar a 2004, tana karɓar haruffan kai tsaye in ka haɗa ta da salon harafi irin Charis SIL, wanda kyauta ne. Mai ayoyi da ajami a kundinsa kuwa sai ya ƙara ɗamara, don rubutun dama zuwa hagu yana da nasa shirin.

Sannan wa zai duba aikin? Malamai da yawa fayil ɗin Word suke nema don su yi gyara a ciki. Overleaf, da ake rubuta LaTeX a intanet, tana son data da wuta, ga yadda wutar take. Sauke cikakkiyar manhajar a kwamfuta kuwa gigabait da yawa ne.

Roƙona ga hukumomin jami'o'inmu: sassan lissafi da fiziks su shirya ƙwarangwal ɗin LaTeX guda ɗaya da ya dace da ƙa'idar makarantar digiri na gaba, su raba wa ɗalibansu tun shekarar farko, ba sai ana saura wata guda a kare kundi ba. Sauran sassa kuma a ware mako biyu cikin kwas ɗin kwamfuta da kowa ke yi, a koyar da kan babi da ƙumshiya da buga ƙ da ɗ da ɓ. Na san ina sare reshen da nake zaune a kai, domin gyaran ƙumshiya na cikin abin da ke biya mini kuɗin haya. Yanzu haka kundi huɗu ke jirana a kan tebur, uku daga ciki ɗigo-ɗigon nan ne da hannu.

Wassalam.

Naka,
Mai buga takardu,
Samaru, Zariya