Zuwa Ga Abokan Cinikinmu

Assalamu alaikum.

Mun san da yawanku ba ku ji daɗin ƙarin kuɗin aikin buga takardu da jinkirin da ake samu kwanan nan ba. Har ta kai mun ji ana cewa mun fara wasa da aikin mutane. Maganar ta yi mana ciwo ƙwarai, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu.

Takardar da muke buga muku aiki a kai ta jirgin ruwa take zuwa. Annobar korona ta dagula jigilar kaya a 2020. A 2022 yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin mai a duniya. Daga ƙarshen 2023 kuma manyan jiragen kaya da yawa suka daina bi ta Bahar Maliya, suna zagayawa ta kudancin Afirka, kuɗin dako ya sake hawa. Dillalin da ke ba mu takarda da tawada bashi, yanzu sai kuɗi hannu. Mai gida ma ya ƙara haya. Wallahi ƙarin nan bai shiga aljihunmu ba. Muna ta tuntuɓar mutane, kuma muna sa ran a samu sauƙi.

Abin da ya hana mu karaya shi ne, ko akwai aiki ko babu, muna buɗe ƙofa a kan lokaci, a share wuri, a goge inji, a sa masa mai, ma'aikata su zauna su tambayi juna lafiyar gida. Ranar da takardarmu ta yanke, maƙwabcinmu mai sana'a irin tamu ya ara mana tasa, mu ma muna yi masa haka. Ba mu sallami kowa daga aiki ba.

Sai kuma ku. Malamar da ke kawo mana takardun jarrabawa tun muna da inji ɗaya. Dattijon da muka buga wa rasit ɗin shagonsa na farko, yau ɗansa ke zuwa karɓa. Wanda ya biya kafin a fara aiki ba tare da mun roƙa ba. Ba mu manta ko ɗaya ba, Allah ya saka da alheri.

Wanda aikinsa na gaggawa ne ya sanar da mu da wuri. Wanda kuɗin ya yi masa nauyi, don Allah ya zo mu yi magana kafin ya kai aikin wani wuri.

Naku,
Mai shago da ma'aikata