Svalbard ba a neman biza, amma ina za ka kwana?

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin matasanmu kan wata magana da ke yawo a wayoyi, wai akwai wani gari a arewacin ƙasar Nowe da ake shiga ba biza, a zauna, a kama aiki. Har akwai masu ba da shawarar mutum ya bi jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido, idan an zo saukar ƙarshe ya maƙale kawai. Maganar tana da tushe, sai dai an yanke rabinta.

Garin sunansa Longyearbyen, a tsibiran Svalbard, tazarar kusan kilomita 1,300 daga ƙarshen arewacin duniya. Wani Ba'amurke mai haƙar kwal, John Longyear, ya kafa shi a 1906, kuma mazaunansa yau kusan 2,500 ne. Yarjejeniyar 1920 ta damƙa wa Nowe mulkin tsibiran, kuma gaskiya ne ba a tambayar kowa biza ko takardar izinin aiki a can. To amma da wace hanya za ka isa? Jiragen sama daga biranen Oslo da Tromso na Nowe suke tashi, su kuwa suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, Svalbard tana waje. Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Shengen, kuma ta shiga sau biyu ko fiye, domin ranar da ya tashi zuwa Svalbard an buga masa fita. Wanda ya tafi da ta shiga sau ɗaya ya rufe wa kansa hanyar dawowa.

Jiragen ruwan nan da bazara suke zuwa, daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da garin ya fi kyawun gani. Daga wajen 20 ga Afrilu zuwa 22 ga Agusta rana ba ta faɗuwa ko kaɗan, matsakaicin yanayin Yuli kuma digiri 6 ko 7 ne sama da sifili, otal-otal cike, aiki ko'ina. Baƙon da ya sauka a tashar jirgin a wannan lokaci bai ga garin ba tukuna. Daga ƙarshen Oktoba rana ke ɓuya, ba ta sake leƙo cikin garin sai 8 ga Maris, ranar da har biki suke yi mata. Tsakanin tsakiyar Nuwamba da ƙarshen Janairu kuwa, azahar da tsakar dare duk ɗaya ne.

Babban abin da ke kayar da baƙo shi ne gida. Yawancin gidajen garin na ma'aikatu ne, wato kamfanin kwal na Store Norske, hukumar garin, gwamnati, da cibiyar jami'a ta UNIS, kuma ma'aikatansu suke ba wa. Na haya a kasuwa kaɗan ne, ga tsada. Gina sabo ma ba sauƙi, don ƙasar a daskare take har can ƙasa, sai an kafa turaku a ɗora gida a kai, in ba haka ba ɗumin ɗaki ya narkar da ita ginin ya karkace. Bututan ruwa ma a saman ƙasa ake shimfiɗa su. Bayan zaftarewar dusar ƙanƙara ta Disambar 2015 da ta kashe mutum biyu, an rushe gidaje da dama da ke gindin dutse, ƙarancin ya ƙaru. Don haka tsarin da ya dace shi ne a samu aiki tun daga gida, a tabbatar an rubuta masauki a cikin takardar aikin, sannan a sayi tikiti. A kuma tambaya tun farko: idan aikin ya ƙare, kwana nawa ake bayarwa a kwashe kaya?

Babu tallafin gwamnati ga wanda ya rasa abin hannu. Dokar wurin ita ce kowa ya iya ɗaukar nauyin kansa, kuma Gwamnan Svalbard yana da ikon korar wanda ya gaza. Harajin albashi ƙarami ne, kashi 8 cikin ɗari ga yawancin ma'aikata, ban da kuɗin inshora, amma abinci kusan duka daga Nowe ake kawo shi ta jirgi, babban kantin cefane kuma guda ɗaya ne. Ga abin da masu tallan ba sa faɗa: ko shekara goma ka yi a Svalbard, ba a lissafa maka ita wajen neman zama ko zama ɗan ƙasa a Nowe. Mahakar kwal ta ƙarshe ta Nowe a garin ta rufe a 2025, aikin da ya rage galibi na yawon buɗe ido ne da bincike, mai yawa daga ciki na 'yan watanni.

Asibitin ƙarami ne. Ciwo mai tsanani Tromso ake kai shi, tafiyar sama da awa ɗaya da rabi a sama. Mai juna biyu takan bar tsibirin makonni kafin haihuwa. Gawa ma ba a binne ta a can, sai an kai ta wani wuri, kuma wannan abu ne da ya kamata Musulmi ya yi tunaninsa tun kafin ya ɗaura jaka. Haka batun salla da azumi: a watannin da babu fitowar rana ko faɗuwarta, Musulman Tromso da yawa lokutan Makka suke bi. A nemi fatawar malami kafin tafiya.

Tufafi kuma hawa uku ake sakawa: ulu a jikin fata, mai kauri a tsakiya, mai tare iska a waje. Auduga tana shan gumi ta riƙe, gumin ya huce a jiki, nan ne sanyi ke kama mutum. A lokacin duhu ana buƙatar tocilan ta goshi, riga mai ƙyalli don masu mota su gan ka, da ƙarafan da ake ɗaura wa tafin takalmi saboda santsi. Shiga otal ko gidan tarihi sai an cire takalmi, al'adar da ta samo asali daga ƙurar kwal, wannan kam ba zai ba Bahaushe wuya ba. An hana kiwon kyanwa saboda tsuntsaye.

Titunan mota duka ba su fi kilomita 40 ba, kuma babu wanda ya haɗa garin da wani gari. Da hunturu babur ɗin ƙanƙara ake hawa. A bakin gari akwai allo mai hoton farin beyar, wata babbar dabbar ƙanƙara da kan kai wa mutum hari. Duk wanda zai wuce shi dole ya riƙe abin tsorata dabbar, kamar bindigar harba wuta sama, kuma ana so ya haɗa da bindigar farauta mai ƙarfi, wadda ko hayarta sai da izinin Gwamna. Harbi sai in rai na cikin haɗari, kuma kowane kisa ana bincikensa. Daga 2025 doka ta ce a bar tazarar mita 300 tsakanin mutum da beyar, mita 500 daga Maris zuwa ƙarshen Yuni.

Af, kusa da filin jirgin akwai rumbun ajiyar iri na duniya da aka buɗe a 2008, inda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta ajiye irin wake da sauransu. Ba a barin baƙi su shiga, daga ƙofa ake tsayawa a ɗauki hoto.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano