Mallakar gida ba izinin kutsa wa ɗan haya ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in yi magana a kan ɗabi'ar wasu masu gidajen haya ta shiga wa mazauna duk lokacin da suka ga dama. A watan jiya, ina kasuwa, wakilin mai gidanmu ya zo da dillali da wasu maza biyu masu son sayen gidan, suka wuce zaure har tsakar gida alhali iyalina tana wanki, ba a sanar da ni ba, ba a kuma jira ta yafa mayafi ba. Da na yi ƙorafi, sai aka ce mini ai gidansu ne.

Ban musa ba, gini nasu ne. Sai dai wanda ya karɓi kuɗin shekara ya mallaka wa ɗan haya amfanin gidan na tsawon shekarar, kamar yadda malamanmu suke bayani a babin ijara, wato hukunce-hukuncen haya a fiƙihu, kuma sutura tana cikin abin da muka biya. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidajen mutane sai da neman izini da sallama, sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya kare sirrin 'yan ƙasa da na gidajensu, bai ware wanda yake zaman haya ba.

In muka ɗauki misali daga wata jiha, dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta fayyace batun sarai: mai gida yana da damar duba gidansa ko yin gyara, amma da rana, a lokacin da ya dace, bayan sanarwa a rubuce. Ko bashin haya bai halatta ɓalle ƙofa ko cire kwano ba, domin dokar ta tanadi tarar da ta kai Naira 250,000 ko ɗaurin wata 6 ga mai fitar da ɗan haya da ƙarfi. Gobara ko fashewar bututun ruwa maganarsu daban ce, babu mai hankalin da zai nemi takarda a lokacin.

Ina kira ga masu unguwanni, waɗanda ake fara kai wa irin wannan ƙara, su daina sallamar ɗan haya da kalmar haƙuri kawai. Ni kam na shaida wa wakilin cewa ba zan sabunta haya ba sai an rubuta a yarjejeniya cewa za a sanar da ni kwana 2 kafin a shigo, kuma ina gida.

Wassalam,
Wani ɗan haya, Kano