Mun Iya Dafa Shayi, Amma Mun Daina Ɗanɗana Ganyensa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan ganyen shayi, wanda babu wata fadar samari ko majalisar dattawa a Damagaram da ba a ɗora butarsa a kan garwashi, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin irin ganyen da suke sha.

Koren ganyen da muke dafawa sau uku daga ƙasar Sin ake kawo shi, kuma manyan nau'o'insa biyu ne. Akwai wanda aka murza ya dunƙule kamar ƙwayar masoro, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan albarushi saboda kamanninsa, ana kuma yawan ganin lamba 3505 a jikin kwalinsa. Idan mutum ya damƙi mai kyau daga cikinsa zai ji nauyi a tafin hannu, ya ga yana ɗan sheƙi, kuma da ya shiga ruwan zafi sai ya warware a hankali ya koma ganye shimfiɗaɗɗe. Ruwansa yana da kauri a baki, da ɗan ƙauri-ƙauri kamar an gifta da shi ta cikin hayaƙi. Na biyu shi ne siririn nan mai lanƙwasa da Sinawa ke kira Chunmee, wato gira mai daraja, mai lambobi irin su 41022 da 4011 da 9371. Shi ba shi da wannan ƙaurin sosai; ɗan tsami ne da shi a gefen harshe, sai bauri ya biyo baya.

Ya kamata a bambance ɗaci da bauri, domin mun saba haɗa su. Ɗaci a harshe ake jin sa, shi kuwa bauri baki yake ɗaurewa ya bar shi a bushe, kamar yadda ɗanyen goro yake yi. Dukansu biyu ƙaruwa suke yi idan ganye ya daɗe yana tafasa, shi ya sa idan buta ta yi rabin awa a kan wuta, sannan aka antaya mata sukari da na'a-na'a, ganye mai tsada da mai araha sai su zama abu guda. Ba ina sukar al'adar da muka yi tarayya da Buzaye a cikinta ba ne, domin ni ma ba na barin shayin dahuwar farko ya wuce ni.

Kwanakin baya na yi wani gwaji a gida. Na sauke ruwa bayan ya tafasa, na bar shi ya ɗan huce, na jiƙa dunƙulallen ganye a kofi ɗaya da siririn a wani na tsawon minti 3, ba tare da sukari ba. Kawuna ya kurɓi na farko ya yamutsa fuska ya ce, "Ɗana, wannan ai ruwan zafi ka ba ni." Na ce, "Kawu, a daure a kurɓi ɗayan." Da ya kurɓa sai ya yi shiru, can ya nuna kofin farko ya ce wancan ya fi cika baki, alhali ya fi shekara arba'in yana shan su biyun a matsayin abu ɗaya.

Baƙin shayi ma daga wannan tsiron yake fitowa. Koren ana gasa shi ko a turara shi da zarar an tsinko, shi kuwa baƙin ana murje shi a bar iska ta ratsa shi har ya rine. Na Kenya, wanda inji ke yankawa ya fito tsaki-tsaki, nan da nan yake sakin jan ruwa mai ƙarfi, don haka ya dace da madara da burodin safe. Na Assam a Indiya yana da garɗi da nauyi. Na Darjeeling kuwa, shi ma a Indiya, ruwansa tsinkakke ne mai ƙamshi, madara kashe shi take yi. Ko a maƙwabciyarmu Najeriya ana noman shayi a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba.

Kokena yana kan ajiya. Ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, kuma na taɓa sayen wanda aka ƙulla a leda a wani shago, da na dafa sai na ji sabulu a maƙogwarona, domin kusa da katan ɗin sabulu aka jibge buhunsa a buɗe. Ina kira ga masu sayarwa da su riƙa rufe shi a gwangwani nesa da rana da kalanzir da turare, su kuma faɗa wa mai saye lambar ganyen da suka auna masa. Ina kuma roƙon jaridarku ta tura wakilinta Kasuwar Dole da ke nan Zinder ya zauna da dillalan ganye, ya ji yadda suke tantance sabon kaya da wanda ya kwana biyu a sito.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga unguwar Birni, Zinder