Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024: Aikin Golf 2 da Sauran Al'amura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe uban ƙungiya, mai girma shugaba, iyayenmu manyan kanikawa, da 'yan uwa mambobi na nan Kano da na nesa. Ga bayanin abin da muka yi a shekarar 2024. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanta shi da bakinsa ranar babban taro, don haka ba zan shiga gonarsa ba.

Kusan duk ƙarfinmu na bana ya tafi ne a kan mota ɗaya, wato tsohuwar Golf 2 ɗin nan da ɗaya daga cikin dattawanmu ya bai wa ƙungiya kyauta, Allah ya saka masa da alheri. Kamfanin Volkswagen ya ƙera irin wannan mota daga 1983 zuwa 1992. Tamu ta zo da inji mai lita 1.6 da kafireto, ƙarfin doki 75, nauyinta kuma bai kai tan ɗaya ba. A taron farkon shekara kuka amince a cire wannan inji a ɗora mata inji 1.8T mai turbo, wato na'urar da ke danna ƙarin iska cikin inji, samfurin AGU, irin wanda ke cikin Golf 4 da Audi A3 na farko. Shi ƙarfin doki 150 ne da shi, ninki biyu ke nan a jiki guda. Mun zaɓe shi ne saboda dangin tsohon injin ne, yana zama ba sai an yanka jikin mota ba, totur ɗinsa kuma na waya ne, ba na lantarki ba.

Kafin a sayi inji sai da aka yi muhawara mai zafi. Matasanmu suna so a fara da inji, kwamitin aiki ya kafe sai an gama birki. Ina cikin waɗanda suka kafe, kuma har gobe ina kan bakana. Faifan birkin gaba na asali milimita 239 ne, falle ɗaya, an yi shi ne don motar kai yara makaranta. Muka sauya shi da mai milimita 256 mai ramukan shan iska, na Golf 3, wanda samunsa ba wuya a Ƙofar Ruwa tunda Golf 3 ce ke jigilar fasinja a hanyoyinmu. Aka sabunta tiyon birki, man birki, shokazoba da robobin ƙasa. Wannan ya cinye mana har azumi, wasu suna ta ƙorafi wai ba su ga komai ya canza a motar ba.

Bayan ƙaramar Sallah injin ya iso, ɗan Beljiyam, a wanke tas a waje har yana ƙyalli. Babban ogan garejinmu ya ce ba za a ɗora shi ba sai an buɗe tukunyar baƙin mai ta ƙasa. Da aka kwance ta, sai ga rariyar da famfo ke zuƙar mai ta ciki ta toshe da wani baƙin dasƙararren abu kamar kwalta. Wani yaron gareji ya sa bakin sukudireba ya kankaro, abin ya fito gutsuri-gutsuri kamar ƙanzo, sai da aka jiƙa rariyar a fetur kwana guda kafin haske ya ratsa ta. Da mun tayar da injin a haka, da turbo ya ƙone a makon farko. Ga dalili, don amfanin sababbin mambobi: hayaƙin salansa ne ke juya wata 'yar farfela, ita kuma tana haɗe da wata farfelar da ke danna iska cikin inji. Sandar da ta haɗa su tana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan baƙin mai kawai take shawagi. Mai ya yanke na ɗan lokaci, aiki ya ƙare. Shi ya sa muka sauya siririn bututun da ke kai wa turbo mai, muka sa sabon tamin bel da famfon ruwa tun injin yana ƙasa.

Tsohon giyabos, samfurin 020, ba zai jure wannan ƙarfi ba, sai muka nemo 02A na Passat da kulocinsa. Famfon mai ma haka: kafireto ɗan turi kaɗan yake buƙata, su kuwa nozul ɗin wannan inji sai da matsi mai ƙarfi, na bar 3 a ma'aunin matsi, don haka aka sa famfon lantarki, sabuwar matata da bututun mayar da mai tanki.

Inda muka fi shan wuya shi ne waya. Injin ya zo da burenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, amma babu makulli babu mita. A Golf 4 na'urar hana sata tana cikin mitar gaban direba, tana gaisawa da ɗan ƙwayar da ke cikin makulli. In ba su gaisa ba, mota za ta tashi, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta mutu. Haka ta riƙa yi mana, muna zargin famfon mai, muna zargin kwayil, har sai da mambanmu mai rewaya ya jona na'urar bincike ta nuna masa laifin. Shi ya zauna da zanen wayoyi makonni, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana liƙa wa kowace takarda da sunanta, bai karɓi ko sisi ba. Ina roƙon babban taro ya yi masa godiya ta musamman.

Sau biyu aiki ya tsaya ba da sonmu ba: lokacin dokar hana fita a farkon Agusta, da kuma ɗaukewar wutar lantarki da ta game Arewa a ƙarshen Oktoba, daidai lokacin da mai walda ke haɗa salansa da bututun iska. Ga fetur a lokacin ya haura naira 1,000 kowace lita, tayar da janareto don walda ya zama abin lissafi.

Zancen sanyaya inji ina so kowa ya saurara da kyau. Wasu sun kawo shawarar a cire tamostat, wato abin da ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya yi ɗumi, a haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba a garejojinmu. Kwamiti ya ƙi. Wannan inji kwamfuta ce ke auna zafinsa tana ba shi mai daidai da haka. In bai yi ɗumin da ya kamata ba, zai riƙa shan mai fiye da kima, fetur yana wanke bangon silinda yana tsinka baƙin mai. Maganin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 shi ne babban lagireto mai tsabta, fanka mai ƙarfi da ke tashi a kan lokaci, da ruwan kulan na gaskiya maimakon ruwan rijiya. Iskar da turbo ya matse ita ma zafi take ɗauka, don haka muka ɗora intakula, na'urar sanyaya wannan iskar, a bayan bamba, inda iska ke bugunsa kai tsaye.

A watan Nuwamba motar ta taka da ƙafarta, a wani killataccen fili da aka ba mu aro a wajen gari. A zagaye na uku direba ya danna totur a giya ta biyu, sai muka ji fau kamar an fasa leda, motar ta yi laƙwas tana fitar da baƙin hayaƙi. Tiyon intakula ne ya suɓuce, saboda bakin bututun sumul yake, babu abin da zai riƙe kilif. Mai walda ya zagaya bakin kowane bututu da ɗan tudun walda, aka mayar, bai sake fita ba. Da aka taka birki daga gudu, motar ta tsaya cak a miƙe, ba ta ja gefe ba. Waɗanda suka yi ƙorafi a watan azumi su ne suka fara tafi.

Sauran ayyuka a taƙaice: zaman wata-wata ya gudana in ban da na Agusta. An koyar da yaran gareji karanta na'urar bincike da amfani da sifana mai auna ɗauri. Mun je ta'aziyya da dubiya gidajen mambobin da abin ya shafa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba marasa lafiya sauƙi.

Abin da bai kammalu ba shi ne fenti, na'urar sanyaya ɗaki, da shigar da lambar sabon inji cikin takardun mota. Har sai takardu sun fito, motar ba za ta hau titi ba. Ko sun fito ma, kwamiti ya yanke cewa ba za a ba da aronta don wasan mota a biki ko rakiyar amarya ba, ko wane ne ya nema, kuma duk mamban da aka kama yana wasan ganganci a titin jama'a za a gabatar da shi gaban kwamitin ladabtarwa. Makullin yana hannun shugaba. Wanda ya tuƙa ta, ya bar ta tana aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, don turbo ya huce.

Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin babban taro. A taron ne za a zaɓi launin fenti, a kuma tsayar da waɗanda za su bi maganar takardu.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya,
a madadin kwamitin zartarwa