A Gyara Fayil Kafin a Kai wa Injin Riso Aikin Launi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin masu zane a kwamfuta. Yawancinmu mun san injin Riso, ƙirar Japan, da buga takardun jarrabawa da baƙar tawada. Yana buga launi ma, amma ba irin na firinta ba, kuma galibin aikin da ke lalacewa tun daga fayil aka ɓata shi.

Injin yana huda ƙananan ramuka da zafi a jikin wata siririyar takarda da ake kira masta, ya naɗe ta a dram, tawada ta riƙa tsattsafowa ta ramukan. Kowane dram launi ɗaya yake ɗauka. Don haka kowane launi da nasa fayil, kuma a baƙi da fari za a kawo shi: baƙi ƙirin cikakkiyar tawada ke nan, toka-toka an rage ta, fari kuwa takardar ce kanta. A rubuta sunan launin a kan kowane fayil.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tawadar ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta. Shuɗi ya hau rawaya, kore zai fito. Ruwan hoda ya hau rawaya, sai ruwan lemo. Mai dabara kan sami launi uku da dram biyu. Amma wanda ya ɗora rubutu rawaya a kan shuɗi, da ƙyar a iya karanta shi. Sai an ƙwaƙule gurbin rubutun daga fayil ɗin shuɗin. Ko an ƙwaƙule ma da sauran rina a kaba, domin takarda kan goce da milimita 1 zuwa 2 tsakanin shigarta injin don launi na farko da shigarta don na biyu, sai farin layi ya leƙo a gefen haruffa. Don rage wannan, a bar launukan su ɗan hau juna, kamar rabin milimita. Ƙananan rubutu kuwa a tsaya a launi ɗaya, tawada cikakkiya.

Kada a cika babban fili da tawada kashi 100. A sauko zuwa 80, in ba haka ba takarda ta manne a dram ko ta ɓata bayan 'yar'uwarta. A bar gefe aƙalla milimita 10, musamman bakin da ke fara shiga injin, domin Riso ba ya bugawa har ƙarshen takarda.

Takarda mai sheƙi ba ta wannan aikin ba ce. Tawadar shiga cikin takarda take yi kafin ta bushe. A fara da launi mai haske, a bar shi ya kwana, sannan a ɗora mai duhu. Wanda ya yi gaggawa, tayar injin da ke jan takarda za ta kwashi ɗanyar tawada ta zana masa layi a tsakiyar kowane shafi.

Na gode.

Daga wani mai sana'ar ɗab'i, Kano